Shatar jiragen ruwa da shari'arta: Fagen ilmin da 'yan bokon Arewa suka yi wa riƙon sakainar kashi

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 1975 zai tuna labarin jiragen siminti. A lokacin kuɗin man fetur sun fara kwarara, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙuduri aniyar gina barikoki da hanyoyi da gidaje, sai ma'aikatunta suka yi ta sa hannu a kan kwangilolin sayo siminti daga ƙetare. Kamar yadda wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ƙididdige daga baya, an ƙulla kwangiloli 109 da kamfanoni 68, na siminti sama da tan miliyan 16, abin da ya ninka ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Legas sau da yawa. Kafin tsakiyar shekarar, jirage fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin teku suna jiran layi, wasu har simintin ya daskare a cikinsu. Kowane jirgi kuwa, duk wayewar gari akwai kuɗin jinkiri da yake bin Nijeriya, ko an sauke buhu ɗaya ko ba a sauke ba.

Da gwamnati ta ga bashin yana neman fin ƙarfinta, sai aka dakatar da biya, su kuma kamfanonin suka garzaya kotunan Ingila da Amurka da Jamus. A shari'ar da kamfanin Trendtex ya yi da Babban Bankin Nijeriya, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a 1977 cewa bankin ba zai fake da rigar kariyar ƙasa ba, tunda ciniki ya shiga kamar kowane ɗan kasuwa. Har gobe ɗaliban lauya a manyan jami'o'in duniya suna karanta wannan shari'a, wato dai asararmu ta zama darasin da ake koyar da 'ya'yan wasu. Abin tambaya shi ne, mu da aka yi asarar a kanmu, mutum nawa muka tura su koyi darasin?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Arewa da teku, tunda daga Kano zuwa Apapa tafiyar kilomita kusan dubu ce. Amsar tana cikin buhun taki da burodin safe. Hukumar kasuwanci da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na nauyin hajojin da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa ake dakonsu. Alkamar da ake niƙa mana fulawa da ita a jirgin shata take zuwa. Haka sinadarin fosfet na Maroko da ake haɗa taki da shi a masana'antun Kaduna da Kano da Funtuwa. Riɗin Jigawa da Nasarawa da ke tafiya Japan da Turkiyya, zoɓon da ake kai wa Meziko, cittar Kaciya, duk sai sun hau ruwa kafin su zama kuɗi. Ɗan kasuwar Dawanau da bai taɓa ganin teku ba yana biyan kuɗin jirgi da na inshora da na jinkiri a cikin farashin da mai saye ya yanka masa, ya sani ko bai sani ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu ɗanɗana wannan, domin ƙasarsu ba ta da gaɓar teku, ta daɗe tana dogaro da tashoshin Kwatano da Lome.

Mene ne ilmin shata?

Bahaushe ya san shatar mota, to haka abin yake a jirgin ruwa, sai dai kuɗin da ke ciki da sharuɗɗan da ke tattare da shi sun wuce misali. Shatar iri uku ce. Akwai shatar tafiya guda, inda mai kaya zai ɗauki jirgi daga tasha kaza zuwa tasha kaza, ya biya a kan kowane tan, mai jirgi ya ɗauki nauyin mai da ma'aikata. Akwai shatar wa'adi, inda za a karɓi jirgi da matuƙansa na wata shida ko shekara biyu, ana biyan haya ta kowace rana, mai shata ya sayi mai, ya biya kuɗin tashoshi, ya kuma zaɓi inda jirgin zai nufa. Sai ta uku, wadda ake karɓar gangar jirgin zalla ba ma'aikaci ko ɗaya, mai shata ya riƙe shi tamkar nasa.

Ba a zama a rubuta waɗannan yarjejeniyoyi daga farko kowane lokaci. Akwai bugaggun takardu da duniya ta saba da su, irin su GENCON ta ƙungiyar masu jirage ta BIMCO, wadda aka kafa a Kofanhegan a 1905, da NYPE da ake amfani da ita a shatar wa'adi. Dillalan ɓangarorin biyu za su ɗauki takardar, su soke wannan layi, su ƙara wancan, kuma a cikin wannan soke-soke da ƙare-ƙare ne riba ko faɗuwa take kwance.

Bari mu ɗauki misali. A ƙaddara wani kamfani ya yi shatar jirgi ya ɗauko masa taki tan 30,000, aka yi sharaɗin za a riƙa sauke tan 5,000 a rana. Ke nan yana da kwana 6 na sauke kaya kyauta. A ƙaddara kuma an amince cewa duk ranar da ta ɗoru a kan wa'adin zai biya mai jirgi dala 20,000. Idan cunkoso ko rashin tireloli ko matsalar takardun kwastan ta sa jirgin ya yi kwana 26, kamfanin ya ci tarar dala 400,000, kuma ba wanda zai biya ta a ƙarshe sai manomin da zai sayi buhun takin a Giwa ko Bakori. Daɗin daɗawa, ƙa'idar da kotunan Ingila suka kafa ita ce, da zarar wa'adi ya ƙare an shiga kwanakin tara, to agogo ba ya tsayawa don Lahadi ko ranar hutu ko ruwan sama, sai idan takardar shata ta faɗi haka ƙarara.

To yaushe agogon yake fara bugawa? Nan ma wani babi ne mai zaman kansa. Idan takardar ta ambaci tasha kawai, jirgin da ya iso inda jirage suka saba jira a cikin iyakar tashar zai iya ba da sanarwar cewa ya shirya, lokaci ya fara tafiya a kan mai kaya. Idan kuwa ta ambaci takamaiman matsaya, to jiran layi a wuyan mai jirgi yake, sai in ya sa sharaɗin da ya juyar da nauyin. A 1973 sai da aka kai har kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Ingila a kan jirgin hatsi mai suna Johanna Oldendorff, wanda ya yi ta jira a bakin kogin Mersey kusa da Libaful, don kawai a tantance ko ya iso ko bai iso ba. A wata shari'ar, ta jirgin Laconia, ranar biyan haya ta faɗo Lahadi, masu shata suka biya ranar Litinin, mai jirgi ya janye jirginsa, kuma a 1977 kotun ta ce yana da gaskiya. Duk wanda ya san yadda jirage ke kwana da kwanaki a gaban Apapa zai gane cewa kalma guda a takarda tana iya zama bambanci tsakanin arziki da karayar jari.

Kasuwar kanta ba ta da tabbas. Ma'aunin kuɗin dakon busassun kaya da kasuwar Baltic ta Landan ke fitarwa kullum ya haura 11,700 a watan Mayun 2008, amma kafin ƙarshen shekarar ya faɗo ƙasa da 700. Wanda ya ɗaure kansa da shatar shekara uku a farashin Mayu ya shiga uku, kuma rigingimun da suka biyo baya sun daɗe suna ciyar da lauyoyin Landan. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana 6. Daga ƙarshen 2023 hare-haren da aka riƙa kai wa jirage a Bahar Maliya suka tilasta wa da yawa zagayawa ta kudancin Afirka. Kowane irin wannan al'amari yana haifar da tambaya ɗaya: wa zai biya ƙarin kwanakin da ƙarin man da ƙarin inshorar?

Inda ake raba gardamar

Masu jirage da masu kaya ba su cika son zuwa kotu ba. Kusan kowace takardar shata tana ɗauke da sharaɗin cewa idan saɓani ya taso za a kai shi gaban masu raba gardama, abin da malaman fiƙihu ke kira tahkimi. Ya kamata a bambanta shi da sulhu. Mai sulhu lallashi yake yi, in an ƙi ji ba yadda zai yi. Mai raba gardama kuwa hukunci yake yankewa, kuma hukuncin ya hau kan kowa. Yawanci kowane ɓangare zai zaɓi mutum ɗaya, su biyun su zaɓi na uku. Da yawansu tsofaffin dillalan jirage ne ko kyaftin-kyaftin ko lauyoyin da suka ƙare rayuwarsu a harkar, kuma galibin ƙararrakin a kan takardu ake yanke su ba tare da an zauna gaba da gaba ba. Ana yin komai cikin sirri, ƙofar ɗaukaka ƙara kuma ƙunƙuntacciya ce. Abin da ya ƙara wa tsarin ƙarfi shi ne yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, har da Nijeriya tun 1970, wadda ta sa hukuncin da aka yanke a wata ƙasa ake iya zartar da shi a kan dukiyar mutum a wata ƙasar.

Mafi yawan irin wannan shari'a a Landan ake yin ta, a ƙarƙashin ƙa'idojin ƙungiyar masu raba gardamar harkokin teku ta birnin, wato LMAA, da aka kafa a 1960. New York da Singafo suna biye, amma da tazara mai yawa. Ba a nan gizo ke saƙa ba sai idan aka duba matsayinmu. Dokar hurumin shari'ar teku ta 1991 ta ba Babbar Kotun Tarayya iko a kan ƙararrakin jirage, amma a 2003, a shari'ar jirgin Lupex, Kotun Ƙolin Nijeriya ta ce wanda ya sa hannu cewa za a raba masa gardama a Landan, to sai ya cika alkawari ya tafi Landan. Ma'ana, kamfanin Kano ko na Legas da ya rattaba hannu bai karanta ba, zai nemi lauyan Ingila, ya biya shi da fam, a yi masa shari'a da dokar Ingila.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna rikicin kamfanin P&ID. Ba shari'ar jirgin ruwa ba ce, kwangilar iskar gas ce ta 2010, amma hanyar ɗaya ce. A 2017 masu raba gardama a Landan suka yanke wa Nijeriya biyan dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya kai kimanin biliyan 11. Sai a watan Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles ya soke hukuncin bisa dalilin cewa da zamba aka same shi. Da kyar muka sha, kuma darasin a fili yake: ƙasar da ba ta da ƙwararrun da za su tsaya mata tun daga ranar rubuta kwangila, a ɗakin raba gardama ake yanka ta.

Ba baƙon ilmi ba ne

Wasu za su ɗauka wannan fanni na Turawa ne zalla. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Tun ƙarni na 10 malaman mazhabar Malikiyya suka wallafa littafi sukutum a kan hayar jiragen ruwa da saɓanin da ke aukuwa tsakanin masu ita, mai suna Kitabu Akriyatis Sufun, wanda ake danganta shi ga Muhammad bin Umar al-Kinani. A ciki an tattauna hukuncin jirgin da iska ta hana tafiya, da kayan da suka jiƙe, da yadda za a raba asara idan aka zubar da kayan wani a teku don a ceci sauran. Wannan ƙa'ida ta raba asara tana nan daram a dokar teku ta yau, ita ce ma masu Ever Given suka yi shelar aiki da ita a 2021. Ɗalibin da ya karanta babin ijara da na lamuni a Zariya ko Sakkwato ko Bayero ya riga ya riƙe bakin zaren. Haka kuma jikokin fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja, waɗanda suka san aikin madugu da na dillali da na fatoma, ba za a koya musu darajar amana a ciniki ba. Taken kasuwar Baltic kansa a kan cika magana yake, domin da baki ake ƙulla shatar miliyoyin daloli kafin takarda ta biyo baya.

Ina ake karatun?

Hanyoyin sun danganta da digirin farko na mutum, kuma ya kamata a san bambancinsu kafin a kashe kuɗi. Lauya zai nemi digiri na biyu a dokar teku, wanda a Birtaniya shekara guda ake yi. Jami'ar Southampton, wadda ta kafa cibiyar dokar teku a 1982, da ta Swansea da Kwalejin Jami'a ta Landan sun yi suna a nan. A wajen Birtaniya akwai Tulane a Amurka, da Jami'ar Ƙasa ta Singafo, da ta Cape Town a Afirka ta Kudu. Darussan sun haɗa da yarjejeniyar shata, takardar shaidar lodi, inshorar teku, kama jirgi saboda bashi, da dokar raba gardama. Wanda ya karanta tattalin arziki ko akanta ko kasuwanci, ya fi dacewa da digiri na biyu a harkar jirage da ciniki da kuɗi, irin wanda makarantar kasuwanci ta Bayes da ke Landan take bayarwa tun shekarun 1980. Ma'aikacin gwamnati kuwa akwai makarantu biyu na Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya: jami'ar da ke Malmo a Suwidin, wadda aka buɗe a 1983, da cibiyar dokar teku da ke Malta, ta 1988. Sai dai a lura, waɗannan biyun sun fi karkata ga tsara manufofi da rubuta dokoki, saboda haka mai son zama dillalin jirage ya duba manhajarsu da kyau kafin ya nema.

Wanda ba shi da halin fita waje ma ƙofa ba ta rufe masa ba. Cibiyar ƙwararrun dillalan jirage ta Landan, da aka kafa a 1911, tana shirya jarrabawa a ƙasashe da dama, mutum yana aikinsa yana karatu. Cibiyar ƙwararrun masu raba gardama, ta 1915, tana da reshe a Nijeriya, akwai kuma ƙungiyar masu raba gardamar harkokin teku ta ƙasa. A Arewa muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da cibiyar nazarin harkokin teku ta Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, waɗanda za a iya ɗora gini a kansu.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: karatun yana da tsada, kuma takardar digiri kaɗai ba ta mai da mutum mai raba gardama. Ba wanda zai damƙa rigimar dala miliyan 5 a hannun yaron da ya gama makaranta jiya. Sai an yi shekaru ana gogewa a ofishin lauyoyi ko na dillalai ko na kamfanonin inshorar jirage, a Legas ko Landan ko Dubai ko Janeba, har sunan mutum ya zauna a bakin 'yan kasuwa. Turancin ma na musamman ne, mai buƙatar haƙuri da ƙwaƙƙwafi. Amma tsawon hanyar shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a kama ta da wuri, domin da sanyin safiya ake kama fara.

Abin da ya rage mana

Ƙasa ta daɗe tana fama da wannan giɓi. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da aka kafa a 1959 ya rushe a 1995. Ɗanyen manmu galibi a bakin tasha muke sayar da shi, mai saye ya kawo jirginsa, ribar dako da ta inshora ta tafi waje. An yi dokar keɓe sufurin gaɓar teku ga 'yan ƙasa a 2003, an sabunta dokar raba gardama da sulhu a 2023, an kuma kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a shekarar. Hukumar NIMASA ta tura matasa koyon tuƙi da injiniyancin jirgi tun 2008, wasu jihohinmu ma sun yi irin haka, kuma abin a yaba ne. Sai dai matuƙi ma'aikaci ne a cikin jirgi, wanda ya rubuta takardar shata shi ke yanke wa zai ci riba.

Yanzu kuma tekun ne ya biyo mu har gida. An buɗe tashar tudu ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, da nufin a riƙa karɓar kaya da tura su daga nan kai tsaye. Matatar Ɗangote ta fara aiki a 2024, jirage na shigo mata da ɗanyen mai suna fita da tatacce. Nijar ta fara fitar da manta ta bututu zuwa gaɓar Benin a shekarar. Kowace kwantena da za ta tashi daga Dala tana da takardar shaidar lodi mai sharuɗɗa a bayanta da ƙananan haruffa, kuma wani ne zai karanta su. In ba namu ba ne, to na wasu ne, mu kuma mu biya.

Saboda haka kira na farko ga hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu: a cikin guraben da ake warewa likitanci da injiniyanci duk shekara, a keɓe ko da biyu ga wannan fanni, da sharaɗin wanda ya amfana zai dawo ya koyar. Na biyu ga tsangayoyin lauya na Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato da Jos, su ƙarfafa darasin dokar dakon kaya ta ruwa da na raba gardama a matakin digiri na biyu, su haɗa shi da abin da ke cikin fiƙihun ciniki. Na uku ga attajiranmu masu shigo da taki da fitar da riɗi, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Kaduna: kuɗin jinkirin jirgi guda ya isa ya ɗauki nauyin karatun matasa da dama. Na ƙarshe ga matashin lauya ko akanta da ke tunanin inda zai dosa bayan bautar ƙasa. Layin masu neman aikin gwamnati ya yi tsawo, wannan fagen kuwa akwai sarari a cikinsa. Shekaru da dama ke nan da jiragen siminti, ya isa a ce idan an sake zama raba gardama a kan dukiyarmu, akwai namu a cikin masu zaman.